Abin ɗaga inji a gida: a ina ya kamata a nemi sauƙi?

Masu haɗa mota a gida suna ƙaruwa a Kaduna, kuma abin yana burge ni. Wani tsohuwar Peugeot 504 ce ta mahaifinsa yake son tayarwa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri tun 1975. Wani Golf ce zai sauya wa inji ɗan Beljiyam. Sifana da jak za su kai mutum nesa, amma ranar fitar da inji dole ya nemi abin ɗagawa, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suna neman sauƙi a inda bai kamata ba.

Ra'ayina shi ne: ka rage kuɗi a kan ƙarfen da za a rataya abin, ka rage ta hanyar haɗa hannu da wasu, amma kada ka rage ko sisi a kan sarƙa da ƙugiya.

Inji mai silinda huɗu yakan kai kilo 130 zuwa 180, gwargwadon ƙarfen da aka zuba shi da shi. Mai silinda shida ya fi haka, in kuma ka ciro shi haɗe da giyabos ka ƙara wani nauyin. Wannan nauyi zai yi lilo a sama da hannunka da ƙirjinka, a tsakar gidan da yara ke kai da komo. Shi ya sa ba na yarda da rataya inji a reshen mangwaro ko dogon yaro, ko da kuwa mun saba gani a bakin titi. Reshe ba ya nuna ruɓewar cikinsa. Katakon rufin ɗaki kuwa, kwano aka yi shi ya ɗauka.

Yawancin matasa abin da suke hange shi ne kuren nan, wato abin ɗagawa mai dogon hannu da tayoyi da jak na mai, wanda ake gani a bidiyon garejin Turawa. Yana da kyau, ba na musu. Sai dai akwai abu biyu da mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Tan 2 ɗin da aka rubuta a jikinsa, sai hannun yana a gajarce yake ɗaukar haka. Hannun yana da ramukan da ake ƙara masa tsawo da su, kuma duk ramin da ka ƙara wajen miƙa shi, ƙarfin raguwa yake, daga tan 2 zuwa ɗaya da rabi, zuwa ɗaya, har ya dawo rabin tan a ramin ƙarshe. Ƙaramin mai tan 1 kuwa kilo 250 yake komawa in aka miƙe shi duka. Kuma kusan kullum sai ka miƙa shi sosai kafin ƙugiyar ta kai tsakiyar inji, domin bamba da lagireto suna gabanka. Saboda haka wanda ya sayi ƙaramin don ya fi araha, yana aiki ne dab da iyakar abin ba tare da ya sani ba.

Na biyun ya fi damuna, domin ya shafi gidajenmu. Tayoyin kuren nan ƙanana ne na ƙarfe, siminti mai santsi kuma a miƙe aka yi su dominsa. Gidaje nawa ne a Rigasa ko Hayin Banki ko Tudun Wada suke da irin wannan daɓen a inda ake ajiye mota? A kan ƙasa ko intalok, taya ɗaya za ta nutse ko ta maƙale, ka tura da ƙarfi, injin ya yi lilo, kuren ya karkata. Da damina ma ba a magana. Ga tsada kuma, tunda kayan waje ne, kowa ya san yadda farashinsu ya koma tun da aka saki naira a 2023.

Abin da ya dace da mu shi ne wanda bakanikenmu na Kurmin Mashi suka daɗe da shi: cen-bulok, wato na'urar da ake jan sarƙarta da hannu ta ɗaga kaya da ƙugiya, da ƙarfen da za a rataya shi. Cen-bulok mai tan 1 ya ishi kowane injin ƙaramar mota, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa, domin a miƙe yake ja. Ba ya yoyon mai, ba ya buƙatar wuta. Ƙarfen ratayar kuwa, muna da Panteka. Garin da yake da masu walda irin na Panteka bai kamata ɗansa ya biya kuɗin jirgin ruwa don a kawo masa ƙafafu huɗu da sanda ɗaya ba. Ka je ka zauna da mai waldar, ka ce masa, "Maigida, inji zan rataya, ba rumfa ba ce." Sandar sama ta zama ƙarfe mai kauri irin na gini, ba fayif ɗin ruwa ba. A sa mata tokara a kusurwoyi, ƙafafun su buɗe sosai, a yi musu faffaɗan tafi don kada su nutse, ka kuma shimfiɗa katako a ƙarƙashinsu. Tsayin ya kusa mita 3, domin jikin cen-bulok da ƙugiyarsa suna cin wuri kafin a zo ga inji, sannan injin sai ya haye gaban motar. In aka haɗa shi da noti maimakon a walde shi gaba ɗaya, za ka iya kwance shi ka jingine a lungu. Da wannan tsarin inji ba ya tafiya ko'ina. Sama kawai yake yi, motar ce ake turawa baya.

Cen-bulok ɗin kansa shi ne wurin da hannu bai kamata ya yi rowa ba. Araha ba ta ado. In na hannu za ka saya, ka bi sarƙar ɗaukar nauyin ido bayan ido. Wadda aka taɓa waldewa, ko wani idonta ya miƙe ko ya sirance, ka bar ta. Sarƙar ƙwarai takan zo da lambar 8 ko 80 a buge a jikin wasu idanunta. Ka dubi bakin ƙugiya: in ya buɗe fiye da yadda aka ƙera shi, an taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma buga shi da guduma ba ya dawo da ƙarfin. Ɗan harshen da ke rufe bakin ya kasance yana nan. Sannan ka sa a rataya masa nauyi a gabanka, a ɗaga kaɗan, a saki. Ka ji ƙarar kas-kas lokacin ja, ka ga kuma bai sauko ko ɗan yatsa ba. Birkin da ke cikinsa ne yake riƙe komai, shi ya sa ake shafa wa sarƙa mai amma ba a bari mai ya taɓa birkin.

Haka abin ɗaure injin. Na sha ganin ana amfani da tsohon bel ɗin kujera ko igiyar rijiya. Yawancin injuna suna da kunnuwan ƙarfe da kamfani ya sa musamman don ɗagawa. A nan ake saƙala sarƙa, da noti mai ƙarfi da washa, ba a jikin bututun iska ko na hayaƙi ba.

Sai maganar mallaka. Mai haɗa mota ɗaya sau nawa zai ciro inji? Sau ɗaya fita, sau ɗaya komawa, wataƙila ya sake in wani abu ya tashi. Sauran watannin ƙarfen yana kwance yana tsatsa. Mutum uku ko huɗu masu wannan sha'awar a unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi cen-bulok mai kyau ɗaya, a ajiye shi wurin wanda ya fi kula da kaya. Ko ka je wurin bakaniken da kake hulɗa da shi ka ce, "Oga, a ba ni aron na yini ɗaya, zan biya, a haɗa ni da yaro ɗaya." Wannan yaron da ya ciro inji sau da yawa zai ga wayar da ka manta ba ka cire ba kafin ta tsinke, kuma zai hana ka sa hannu a ƙarƙashin injin don daidaita shi.

Kafin ranar, ka cire bonet, ka zubar da mai da ruwa, ka tanadi tsohuwar taya a gefe. Da zarar injin ya fito an tura motar baya, a sauke shi kan tayar nan take, a tokare shi da katako. Kada a bar shi a rataye a tafi sallah ko cin abinci, balle ya kwana a haka a gidan da ke da yara.