Eka 160 kyauta, amma ina ruwan?

Duk lokacin da aka kawo maganar yadda Amurka ta bunƙasa, sai wani ya ce ai gwamnati ce ta raba wa talakawa fili kyauta, kowa ya ɗauki fartanya ya nufi yamma, shi ke nan ƙasa ta ginu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a ganina waɗanda suka rubuta dokar sun auna faɗin ƙasa ne kawai, sun manta da ruwan sama, kuma talakan da aka yi dokar dominsa shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon filin, wato dokar Homestead, a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa. Sharuɗɗan ba wuya a takarda. Ka kai shekara 21 ko kana da iyali, ɗan ƙasa ne kai ko baƙon da ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, ba ka taɓa ɗaukar makami a kan gwamnati ba. Ka je ofishin filaye ka yi rajistar eka 160, wato kusan hekta 65. Ka gina ɗaki, ka noma, ka zauna shekara biyar, sannan ka kawo shaidu biyu su rantse. Kuɗin takardu gaba ɗaya dala 18. Mai gaggawa kuma yana iya biyan dala 1.25 kan kowace eka bayan wata shida ya karɓi takardarsa. Wannan ƙofar ta ƙarshe ita 'yan kasuwar fili da masu garken shanu suka yi ta bi: su tura yaransu su yi rajista, bayan wata shida su biya, filin ya koma hannun uban gida.

Eka 160 gona ce mai kyau a Ohio ko Illinois inda ruwa ke sauka isasshe. Da zarar an ƙetare tsakiyar Nebraska da Kansas zuwa yamma, ruwan shekara yakan gaza milimita 500, wata shekarar ma rabin haka. Babu itace, don haka ɗakin farko da ƙasa ake yin sa: a yanko bargon ciyawa da saiwarta da garma, a datsa shi kamar tubali, a jera. Idan ruwa ya sauka rufin ya yi ta ɗiga bayan an ɗauke, macizai da ɓeraye kuma suna zama a cikin bango. Girki da busasshen kashin shanu ko na ɓauna. Rijiya a kan tudu takan yi zurfin da haƙa ta da hannu kasada ce, famfon iska kuwa sai mai kuɗi. A 1874 fara ta sauko wa yankin, ta cinye masara da ganye har da tufafin da aka shanya.

Abin haushin shi ne an yi gargaɗi. John Wesley Powell, mai binciken ƙasa wanda ya rasa hannu ɗaya a yaƙin basasa, ya miƙa wa majalisa rahoto a 1878. Ya ce a busasshen yanki a ba mai kiwo eka 2,560, mai noman rani kuma eka 80 ta ishe shi muddin tana da ruwa, sannan a ja iyakoki bisa magudanan ruwa maimakon layukan murabba'i da aka zana a ofis. Majalisa ta yi kunnen uwar shegu da shi. Abin da ya fi daɗin ji a lokacin shi ne iƙirarin masu tallar fili cewa wai ruwan sama yana bin garma, da ka fasa ƙasa sama za ta buɗe. An dace da 'yan shekarun damina mai kyau, mutane suka gaskata. Fari ya dawo a ƙarshen shekarun 1880, iyalai suka ɗaure kaya suka juya gabas. Sai a 1909 aka ninka filin zuwa eka 320, a 1916 aka kai 640 ga masu kiwo. A ƙarshe kimanin mutum miliyan 1.6 ne suka samu takardar mallaka, waɗanda suka yi rajista suka gudu kafin wa'adi kuma suna da yawan gaske.

To su wa suka ci moriya? A wannan shekara ta 1862 aka yi dokar layin dogo zuwa tekun Fasifik. Kamfanonin Union Pacific da Central Pacific sun samu lamunin gwamnati na dala 16,000 kan kowane mil a fili, 48,000 a tsaunuka, ga kyautar ƙasa a gefen layi da ta kai eka 12,800 kan kowane mil bayan gyaran 1864. Filin da ke kusa da tasha shi ne mai daraja, domin alkama ba ta da amfani idan keken doki zai kwana biyu kafin ya kai ta kasuwa. Kamfanonin jirgin ƙasa suka buɗe ofisoshin talla a Turai, suna kwaso Jamusawa da mutanen Suwidin da Norwe suna sayar musu da fili bashi. Manomi ya sayi gona a wajen kamfani, ya kuma biya kamfanin kuɗin dakon amfaninsa a farashin da kamfanin ya ga dama.

Su kuwa 'yan China, su ne mafi yawan leburorin Central Pacific, su suka fasa dutsen Sierra Nevada da albarushi cikin ƙanƙara. Ana biyan su ƙasa da farar fata, abinci kuma daga aljihunsu. Sun yi yajin aiki a 1867, aka datse musu hanyar abinci har suka koma. An haɗa layin a Promontory da ke Utah ranar 10 ga Mayu, 1869. Filin kyautar nan bai shafe su ba tunda doka ba ta ba su hanyar zama 'yan ƙasa ba, kuma a 1882 aka rufe wa leburorinsu ƙofar shigowa gaba ɗaya.

Ƙasar da aka ce kyauta ce ma tana da masu ita. Ƙabilun asalin ƙasar irin su Lakota da Cheyenne da Comanche sun dogara ne da ɓauna, su kuwa masana'antun gabas suna son fatarta don yin bel ɗin injuna. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa dako, maharba suka yi ta kisa, garken da ake lissafa shi da miliyoyi ya koma 'yan ɗaruruwa kafin 1890. Waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta ƙarasa aikin: a inda babu itacen shinge ta ba kowa damar killace fili da arha, ta toshe burtali da mashaya, har aka yi rikicin yanke waya a Texas a 1883. Sannan dokar Dawes ta 1887 ta yanka filayen ƙabilu eka 160 ga kowane magidanci, abin da ya saura aka kira shi rara aka buɗe wa waɗanda ba 'yan ƙabilun ba. Ƙasar da ke hannunsu ta sauko daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 a 1934.

A daidai wannan lokacin ƙasar da aka tuge wa ciyawa a Kansas da Oklahoma da Texas ta fara tashi sama. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mayar da rana dare, mutane na ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci a cikin ɗakunansu.