Inna Mai Fanke da Mugu 1

(Asubar hunturu a zaure. Inna ta tasa robar kwaɓi a gaba tana ta zabga tsaki, jikanta Ɗan Boko ya fito da buroshi a baki, Malam Na-Bashi kuma yana tsugune da ledarsa tun da aka sallame sallah.)

INNA: Wallahi baki ne. Shekara 30 ina fanke kwaɓina bai taɓa kwanciya haka kamar wanda aka yi wa rasuwa ba, aikin matar can ce mai waina, jiya ta leƙo ta ce "Inna kasuwa ta yi kyau."

ƊAN BOKO: Amarya, tsakaninki da Allah suga nawa kika zuba?

INNA: Ninki biyu mana, fanken suna ne, an ce a ji zaƙi har kunne. Kai kuma miji ba cefane sai tambaya.

ƊAN BOKO: To ba mai waina ba ce, ke kika jefa yis ɗinki a bala'i. Abu ne mai rai fa, ƙwayar halitta ɗaya tal, kuma yana da ƙwayoyin gado wajen 6,000 a ɗauri 16, tun 1996 aka gama karanta su kaf.

MALAM: Wannan garin na cikin leda? Har dubu shida? Ya fi ni gado, ni buta da buzu aka bar min.

ƊAN BOKO: Ɗauke su kamar shaguna a Kantin Kwari, Malam. Ba ya buɗe su duka lokaci guda, sai ya shinshina waje ya ji me ake ciki, akwai abinci ko babu, zafi ne ko gishiri, sannan ya buɗe wanda yake buƙata ya bar sauran a kulle, don buɗe shago ma ƙarfi yake ci.

INNA: Ashe Bakano ne. To sugan me ya yi masa, ba abincinsa ba ne?

ƊAN BOKO: In ya yi yawa zuƙe masa ruwan jiki yake, kamar yadda kike barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta fara tsatsafo da ruwa. Da ya ji yana motsewa sai wani furotin mai suna Hog1 ya ruga tsakiyar ƙwayar inda gadon yake, cikin 'yan mintuna, ya sa a buɗe shagon haɗa gilisarin, shi ke riƙe masa ruwa. To yana can yana fama da ransa ke kina nan kina jira ya hura miki kwaɓi.

INNA: Tsaya. Gilisarin dai wanda nake zubawa a man shafawata saboda kaushi?

ƊAN BOKO: Shi fa.

INNA: Ikon Allah, abin da ba shi da ƙafa yana maganin faso, kai ga ka nan da digiri dunduniya kamar bayan kada.

MALAM: Ni dai tambayata, in ya gama shafa man zai tashi ko in tafi wajen mai ƙosai?

ƊAN BOKO: Zai tashi, jinkiri ne kawai. Kuma ɗan gayu ne wajen ci, wani nau'in suga mai suna gulukos yake fara lashewa. Muddin akwai shi, wani furotin Mig1 yana zaune a kan shagunan cin sauran sugogi ya danna musu kwaɗo, har da na maltos, sugan da ke fitowa daga fulawar kanta.

INNA: Mugu 1? Sunan ya bi shi.

ƊAN BOKO: Mig, Inna, Mig. In gulukos ya ƙare sai wani, Snf1, ya farka ya manna wa Mig1 alama a fitar da shi waje, a buɗe shagunan, yis ya koma kan abin da ya raina ɗazu.

INNA: Allah ya yi wa Sunusi albarka. Duk gida ana son irinsa. Bari in tafasa ruwa in sheƙa masa ya ji ɗumi ya yi sauri.

ƊAN BOKO: Kar ki soma! Ɗumi kaɗan yana so, in ya ɗan zarce ma yana da dabara, ya buɗe shagon su Hsp104 masu gyara furotin ɗin da zafi ya cukurkuɗa, ya tara wani suga tirehalos ya kare kansa. Amma ruwa ya kai digiri 60 sai dai jana'iza, ba Sunusi ba kowa.

MALAM: To wai me ke kumbura kwaɓin ne, ba albarka ba?

ƊAN BOKO: Iskar da yake fitarwa in ya ci suga, kabon dayokzaid, da ɗan sinadarin barasa. Ai jinsinsa ne ma ake haɗa giya da...

MALAM: A'uzubillahi! Shekara nawa ina ci!

ƊAN BOKO: Ɗan mitsitsi ne, kuma zafin mai yana korar sa.

MALAM: Alhamdulillahi. Inna a soya nawa ya yi ja sosai, saboda kokwanto.

(Inna ta ɗaga zanin da ta rufe robar, kwaɓi ya cika ya fara leƙowa, duk ƙananan ƙofofi a samansa.)

INNA: Kun gani ko? Tun da na ambaci sunan mai waina asirin ya karye.

ƊAN BOKO: Haba Inna, duk bayanin nan da na...

INNA: Ɗauko min kasko, miji, bayani ba ya suya.

MALAM: A zuba min na ɗari biyu, a haɗa da na shekaranjiya, Juma'a in sha Allahu.

INNA: Ayya Malam, Mugu 1 ya danna wa shagon bashi kwaɗo tun jiya.

MALAM: To a kira Sunusi mana.

INNA: Nawa Sunusin sai ya shinshina kuɗi yake farkawa.