Ba Silhouette Ne Ya Ƙirƙiro Hoton Inuwa Ba

Mutane da yawa na zaton Étienne de Silhouette ne ya ƙirƙiro hoton inuwa, wato surar fuska ta gefe da ake yankawa da almakashi a baƙar takarda. Ba haka ba ne. Ministan kuɗin Faransa ne a 1759, lokacin yaƙi, ya tsuke bakin aljihu har aka riƙa laƙaba wa duk abu mai araha sunansa don ba'a, ciki har da hoton inuwa, wanda a Turance ake kira silhouette. Tun kafin ya hau kujerar ake wannan hoto, kuma ya fi zanen fenti araha nesa ba kusa ba.

Zuwan kyamara a 1839 ya dusashe shi, amma bai mutu ba. Mai zane Kara Walker a Amurka da shi take nuna azabar zamanin bauta, a jikin bango guda, abin tsuma zuciya.