Don Juan Manuel: gwanin nasiha da ya yi ciniki da 'yarsa

A Sifaniya ana girmama Don Juan Manuel saboda littafinsa El Conde Lucanor, wanda ya kammala a 1335, inda wani mashawarci yake koya wa ubangidansa zaman duniya ta hanyar labarai. Ban musa gwanintarsa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yabon alƙalaminsa, a manta da 'yarsa Konstanza.

An haife shi a garin Escalona a 1282, jika ne ga Sarki Fernando na 3 na Kastila, wata masarauta a Sifaniya ta da. Yana cikin manyan da suka yi riƙon ƙwarya lokacin da Sarkin Kastila Alfonso na 11 yake yaro. Da Alfonso ya karɓi ragama a 1325, sai ya nemi auren Konstanza, yarinyar da ko shekara goma ba ta kai ba. Ba so ne ya kawo shi ba. An riga an yi alkawarinta ga wani basarake, Juan el Tuerto, sarki kuma yana tsoron haɗin kan mutanen biyu. Uban ya hango 'yarsa a gadon sarauniya, ya saɓa wancan alkawari. A 1326 sarki ya sa aka kashe Juan el Tuerto, a 1327 ya fasa auren, ya kulle yarinyar a garin Toro, daga baya ya auri 'yar sarkin Fotugal.

Don Juan Manuel ya warware mubaya'a, ya nemi ƙawancen sarkin Musulmi na Garanada, aka shiga yaƙi. Za a ce ai ya tsaya wa 'yarsa, kuma haka zamanin yake. Gaskiya ne, sarakunan lokacin duk da aure suke ƙulla amana. Amma wannan mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ya ajiye gyararren kwafin littattafansa a gidan ibadar Peñafiel don kada masu kwafa su ɓata masa magana. Mai irin wannan hangen ya san haɗarin da ya jefa yarinya a ciki.

Bai kuma daddara ba. Ya sake ƙulla aurenta da Pedro, yariman Fotugal, Alfonso ya hana ta tafiya sai 1340. Da ta isa, zuciyar mijin ta koma kan Inês de Castro, ɗaya daga cikin matan da suka rako ta.