Alma Thomas: shekara 35 a aji ba zaman jira ba ne

Duk inda aka ɗauko labarin Alma Thomas, hanya ɗaya ake bi da shi. A ce malamar makaranta ce baƙar fata a birnin Washinton na Amurka, ta yi shekara 35 tana koyar da yara, ta yi ritaya a 1960 tana dab da cika shekara 70, sannan ta kama buroshi gadan-gadan. A 1972, tana da shekara 80, gidan adana zane-zane na Whitney da ke Niyok ya shirya mata nuni nata ita kaɗai, abin da bai taɓa yi wa wata mace baƙar fata ba kafin ita. Daga nan sai a rufe da cewa sannu ba ta hana zuwa. Babu ƙarya a ciki, amma jerin bai kwanta mini a rai ba, domin yana mai da shekarun da ta yi a aji tamkar zaman jiran mota a tasha. Ni kuwa a ganina tun ran gini ran zane: abin da aka rataye a bangon Whitney, a ajin nan aka fara ƙulla shi.

An haife ta a 1891 a garin Columbus na jihar Jojiya, ita ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu. A 1907 iyayenta suka tattara suka koma Washinton, shekara guda bayan tarzomar Atlanta inda gungun fararen fata suka bi baƙaƙe suna kisa a kan titi, kuma neman wa yaran ilimi na cikin abin da ya tashe su. Ta yi makarantar horon malamai ta Miner, ta yi aiki da ƙananan yara na wasu shekaru a Wilmington, kafin ta shiga Jami'ar Howard. A 1924 ita ce mutum ta farko da ta kammala digiri a sashen fasahar zane na jami'ar. Daga nan ta kama aiki a ƙaramar sakandare ta Shaw, makarantar yara baƙaƙe a zamanin da doka ta raba makarantun birnin bisa launin fata, kuma a nan ta zauna har ta ajiye alli.

A duba abin da ta yi da zaman. Hutun makaranta take amfani da shi tana karatu a Jami'ar Columbia, har ta sami digiri na biyu a 1934, kuma a kan 'yan tsanan da ake motsawa da zare ta yi bincikenta, domin da su take jawo hankalin yara. A 1936 ta kafa wata ƙungiya da ke kai ɗalibai gidajen nunin zane su gani da idonsu. Daga 1950 ta koma ɗaliba a Jami'ar Amurka da ke nan Washinton, da rana tana gaban allo, bayan an tashi tana zaune a benci, kuma a can ne hannunta ya fara barin kwaikwayon siffar abubuwa ya karkata ga launi zalla. Wannan ba rayuwar wadda ta jingine baiwarta ba ce.

Wanda bai taɓa ganin aikinta ba, ya nemi hoton zanen da ta yi a 1966 mai suna Resurrection, wato tashi bayan mutuwa, ya faɗaɗa shi a waya ko kwamfuta. Daga nesa da'irori ne, wata cikin wata, launi na bin launi daga tsakiya zuwa baki kamar bakan gizo da aka naɗe. Da an matso sai a ga babu da'ira ko ɗaya da aka ja da zara guda. Kowace an gina ta ne da ɗan gajeren dangwale na buroshi, ɗaya kusa da ɗaya, babu biyu da suka zo daidai, kuma tsakaninsu an bar farin ƙyallen yana leƙowa. Wannan farin da ta bari shi ke sa launin ya riƙa motsi a ido. A zane-zanenta da dama, in an ƙura ido, ana ganin siririn layin fensir da ta fara shatawa kafin ta sa fenti. Ba ta goge shi ba. A cikin gidanta take aikin, a ɗakin girki da falo, a gidan da iyayenta suka shiga tun 1907, kuma ita da kanta ta sha faɗa cewa hasken da ke ratsowa ta ganyen bishiyar da ke bakin tagarta ne ya nuna mata wannan salo.

Ni idan na kalli layin fensir ɗin nan, hannun malama nake gani. Wadda ta shafe shekaru tana nuna wa yaro yadda zai shata takarda kafin ya taɓa fenti, tana maimaita masa abin da ja ke yi idan ya zauna kusa da kore, tana jira ya gwada ya ɓata ya sake, ita ce za ta iya dangwala buroshi sau ɗari-ɗari a kan ƙyalle ɗaya ba tare da gajiya ko gaggawa ba. Abokan zamaninta da ake kira masu launi na Washinton, irin su Morris Louis da Kenneth Noland, tsinka fenti suke yi ya jiƙa ƙyalle har sawun buroshi ya ɓace. Ita kuwa ta bar sawun hannunta a fili, mataki-mataki, yadda duk wanda ya tsaya zai iya bin yadda aka yi. Zanen nata kansa koyarwa yake yi.

Ba na musun cewa aji ya ci mata lokaci. Ya ci, kuma da yawa. Koyarwa na cikin 'yan ayyukan da aka bar wa mace baƙar fata mai ilimi a zamaninta, kuma da ƙofofin gidajen nuni a buɗe suke gare ta tana da shekara 40, da wataƙila muna da ninkin abin da ta bari. Wannan zalunci ne, kuma sunansa ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki laifin waɗanda suka rufe ƙofa a ɗora wa yaran Shaw.

An kuma yi mata ƙorafin cewa a lokacin da 'yan'uwanta ke kan titi suna neman haƙƙinsu, ita tana zana furanni da hasken rana. Masu wannan magana sukan manta ta halarci babban gangamin Washinton na 1963 tana da shekara 71, ta kuma zana shi. Bayan haka ta zaɓi launi da saninta. Ta zana lambuna kamar daga jirgin sama ake hango su, ta bi tafiye-tafiyen kumbon Apollo zuwa duniyar wata ta mai da su zane. Matar da ta tashi a garin da aka shata wa baƙar fata iyakar inda zai taka, in ta ce sararin samaniya ma nata ne ta zana, ban ga gudun gwagwarmaya a nan ba.

Sai batun garin. Ana magana kamar ba ta zama mai zane ba sai da Niyok ta buga mata hatimi. Alhali tun 1943 tana cikin waɗanda suka tsaya wa gidan nunin Barnett-Aden a Washinton, inda ake rataye aikin baƙi da na fari a bango ɗaya a lokacin da hakan ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar Howard ce kuma ta shirya mata babban nuni a 1966, bisa gayyatar James Porter, shugaban sashen zane na jami'ar, kuma shirin wannan nunin ne ya tura ta ga salon da aka san ta da shi yau. Garinta ya riga kowa saninta da shekaru. Ba ita kaɗai ba ce ma: Sam Gilliam, mai zanen da aikinsa ya je babban baje kolin zane-zane na Venice a Italiya a 1972, shi ma ya koyar da zane a makarantar gwamnati a birnin. Malaman aji ne suka riƙe wani babban kaso na fasahar Washinton, kuma da wuya a sami garin da ba haka abin yake ba in an tona.

Ta rasu a 1978. Shekara biyu kafin nan, ga ciwon gaɓoɓi ga karayar ƙugu da ta yi fama da ita, ta gama wani zane na jajayen furanni mai ɓangare uku da faɗinsa ya kai kimanin mita 4. A 2015 aka rataye Resurrection a ɗakin cin abinci na Fadar White House zamanin Obama, a 2019 kuma wani zanenta ya haura dala miliyan 2 a gwanjo. Na ji daɗin duka biyun. Amma waɗannan lambobi ne masu sauƙin ƙirgawa, shi ya sa su ake ta maimaitawa. Yaran da suka ratsa ajinta cikin shekara 35 ba su da gwanjo, kuma waɗanda suka rage a raye cikinsu duk sun tsufa. Takardunta na ajiye a ma'ajiyar Smithsonian, babbar cibiyar gidajen tarihi da ke Washinton. Duk gidan da zai sake shirya mata nuni, ina so ya ware bango guda ga makarantar Shaw, ya rataye 'yan tsananta da hotunan ajin, ya kuma aika a nemo tsofaffin ɗalibanta a naɗi muryarsu tun suna iya ba da labari.