Daren da na fassara kiyashi

Sana'ata tace bidiyon biki ce, a wani ɗan shago a Tudun Wada. Shi ya sa 'yan majalisarmu ta teburin mai shayi suka ɗauke ni malamin fim, ni kuma ban taɓa musantawa ba.

Ranar Asabar bayan Isha'i na ɗauko laftof, na ce yau za su ga abin da ya fi Indiyan fassara. Na kunna musu Un Chien Andalou na Luis Buñuel da Salvador Dalí, fim ɗin 1929, baƙi da fari, ba magana, bai kai rabin awa ba. Sunan na nufin karen Andalus, amma ko jelar kare babu a ciki.

Na fara da ƙa'ida. Irin wannan fim ba a tambayarsa labari, sai dai ka duba hoton da ya wuce da wanda ya biyo shi. Siririn gajimare ya ratsa wata, nan take aska ta ratsa ido: siffa ce ta haɗa su. Alhaji ya ture kofinsa yana salati, sai da na rantse masa idon mataccen ɗan maraƙi ne, an dallare shi da fitila don kada gashin ya fito. Sannan duk abin da ya dawo sau biyu, a riƙe shi da kyau.

Tururuwa ta ɓullo daga tafin hannun mutum, na ce sha'awa ce ke cinsa. Ya ja fiyano biyu da mushen jakuna a kai, na ce nauyin al'ada. Kowa na gyaɗa kai, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake. Abin da na ɓoye musu shi ne, Buñuel da bakinsa ya ce ba abin da ke wakiltar komai a fim ɗin, mafarkinsa ne da na Dalí suka haɗa.

Can wajen ƙarshe, a bakin teku, sai ga ƙwari sun jero layi suna hawa fuskar matar da ke fim ɗin. Sau biyar na kalli fim ɗin nan ban taɓa lura da su ba. Na miƙe tsaye.

"Kun gani? Sun dawo! Ruɓewar da ta fara a hannunsa ce ta kai ga soyayyarsu."

Na danna tsayawa don in yi bayani a tsanake. Hoto ya tsaya cak. Ƙwari suka ci gaba da tafiya.

Mai shayi ya leƙo, ya sa tsummansa ya share allon sau ɗaya. "Malam, ɗaga kwamfutar, a kan sukari ka ajiye ta."

Alhaji ya kurɓi shayi, ya dube ni ta saman tabarau. "To ɗana, shi kuma tsumman me yake nufi?"

Har yau in na doso majalisa, sai wani ya rufe gwangwanin sukari ya ce kada a ɓata wa Malam fim.