Handawut ɗin da ya girmi ɗalibai

Ni dai ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Yau a mitin ɗin sashenmu na jami'a wani ya gyara murya ya ce wai yaran da aka ɗauka aiki jiya ba su da ta cewa a gyaran manhajar karatu, su bari manya su yi magana. To madalla da manya. Wata huɗu muna zaman kwamiti, kwas bayan kwas, muna duba wane kwas ɗalibi zai ci kafin ya ɗauki wanne, ina ake maimaita abu ɗaya a aji biyu da aji uku, kiredit nawa za a rage wa lakca a ƙara wa firaktikal don kaya kada ya yi wa yara yawa, babba bai leƙo ko sau ɗaya ba, kullum yana da uzuri. Ranar da za a miƙa takarda tsangaya kuwa sai ga sunan mutum a sama da manyan baƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk ɓacin ran fa don mun taɓa kwas ɗinsa ne. Cewa muka yi, cikin harsunan rubuta shirin kwamfuta, a sauke Pascal a fara wa 'yan aji ɗaya da Python. Wai Python yayi ne, zai wuce. Ranka ya daɗe tun 1991 ake wannan yayin. Pascal kuma ta 1970 ce, ba raina ta na yi ba, don koyarwa aka ƙirƙire ta kuma ta yi aikinta, amma nuna min inda yaro zai je intabiyu yau a tambaye shi ita.

Handawut ɗinka ya girmi ɗalibanka. Takarda ta sha fotokwafi har rubutun ya dishe, kuskuren shafi na uku yana nan yadda ka gaje shi. Tun ƙarshen 2022 ChatGPT, manhajar kwamfutar nan mai amsa tambayoyi, ke amsa irin asamen ɗinka cikin minti ɗaya, kai kana nan kana raba maki kana murna yara sun gane. Handawut ya girmi ɗalibai, jama'a!

Kuma wallahi abin ya min ciwo, a gaban waɗanda na koyar aka kira ni yaro. Ni na bi tsofaffin ɗalibai a waya ina tambayarsu me suka rasa a wurin aiki, ni na karanta rahoton mai duba jarrabawa na waje da aka jefa a durowa. Ba muƙami nake nema ba, a riƙe shugabancin kwamitin har ritaya. Wanda ke shiga aji yana ganin inda yara ke kakarewa dole a ji ta bakinsa kafin takarda ta kai majalisar jami'a.

Rajistar halartar zama tana wurin sakatare. Alhamis zan roƙi a karanto ta a tsangaya, suna bayan suna.